Jirgina Ake Harbowa Kowace Shekara

Malama Noelene, ki taimake ni da shawara, don na kai inda in na buɗe baki a cikin mutanen nan zan faɗi abin da ba zai gyaru ba.

Ni tsohon kafinta ne. An haife ni a wani ƙauye kusa da Kassel a Jamus, na zo nan ina saurayi da niyyar in ɗan taɓa aiki in koma, ga shi furfura ta same ni a bayan garin Toowoomba. Matata ta rasu, 'ya'ya suna Brisbane da harkokinsu. Abin da ya rage mini shi ne ƙungiyarmu ta tsofaffi masu ƙera jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu fiffike sama da ƙasa, na katako da yadi. Ba na wasan yara ba, na gaske, waɗanda mutum ke shiga ya tashi.

Nawa Albatros ne, ƙirar Jamus. Na fi shekara goma a kansa. Kowane haƙarƙarin fiffike da hannuna na fere shi, yadin kuwa ni da marigayiya muka ɗinke shi ƙulli bayan ƙulli har yatsunta suka yi kanta. A gefensa na zana farin ludayi. Shi ya sa duk filin jirginmu ake ce masa Ludayi, ni kuma Kaisa, wato sarkin Jamus na zamanin yaƙin. Wannan bai taɓa damuna ba. Kin san halin nan, wanda ba a tsokana ba a ɗauke shi ɗan gida ba.

Duk hutun Ista muna bikin nuni. Jama'a su cika fili da kujerunsu, ana gasa naman sosej da albasa, Raelene sakatariyarmu tana kan lasifika. Abin da ake rufewa da shi yaƙin sama ne. Abokina Merv ya tashi da nasa na Ingila, wanda ake kira Raƙumi, yana baza warin man zurma, ni ma in tashi. Mu yi ta zagaye, ya biyo bayana, a saki ƙarar bindiga ta lasifika. Sai in ja wata 'yar waya da ke kusa da gwiwata, mai ya zuba cikin salansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, in karkata in ɓace bayan itatuwan turare. Fili ya ɗau tafi. Raelene ta ce, "Jama'a, Kaisa ya sake shan ƙasa!" Ni kuwa in sauka can ƙarshen fili inda ba mai ganina, tunda ai na mutu.

Ga abin da ba su sani ba. Ludayin nan alamar kakana Anselm ce. Ɗan mai gidan abinci ne, abokansa sojoji suka zana masa shi a jirginsa don zolaya. An harbo shi a Faransa a 1917, babanmu yana goye, ko gawa ba a kawo ba. Da 'yan ƙungiya suka tambaye ni ma'anar ludayi, ce musu na yi ina son miya ne. Me zan ce? Mutumin da ya zo daga inda na fito yakan koyi yin shiru a kan kakanninsa.

To yanzu yayata Waltraud za ta zo. Ta haura tamanin, ba ta taɓa zuwa ba, kuma ni da ita mun san ba za ta ƙara ba. A ɗakin kakarmu ta tashi, ƙarƙashin hoton Anselm tsaye jikin jirginsa take kwana. Da gangan ta zaɓi Ista, wai tana so ta ga ranar da mutanen wata ƙasa ke taruwa su kalli jirgin Kaka. Hotunan da nake aika mata duk yana ƙasa ne, yana sheƙi. Ban taɓa faɗa mata tafin na mene ne ba.

A taronmu na ƙarshe na ce bana dai kam a bar ni kada in faɗi. Merv ya ajiye kofin shayi ya ce, "To fa! Kaisa na so a sake yaƙin. Ɗan uwa, sau biyu muka ci ku da yaƙi, ka haƙura mana." Raelene ta ce yara don hayaƙin nan suke zuwa. Wani daga baya ya ce a ƙara mini sukari in huce. Aka yi dariya, ni ma na yi, na fita na zauna a mota.

Ba zan zalunci Merv ba. Shi ya ba ni gefe a rumfar jiragensa, shi ya nemo mini inji, da matata ta kwanta ciwo shi ke kai ni asibiti ya jira a waje. Ƙanen kakansa ma yana can Faransa bai dawo ba, sunansa na jikin dutsen tunawa da sojoji a tsakiyar gari. Ba mugu ba ne. Amma Malama, na gaji da mutuwa duk shekara don sosej ya yi wa mutane daɗi.

In na janye jirgina babu yaƙin sama, don shi kaɗai ne na Jamus, kuma bikin ne ke riƙe da filin. Wani lokaci kuma zuciyata takan ce in yi shiru, in mun hau sama in ƙi jan wayar, in juyo in zauna a bayan Merv gaban kowa. Zan iya, ya sani. Ko kuwa in bar tsohuwa ta zauna a kujera ta ga an harbo kakanta ana tafi?

Mai Ludayi, Darling Downs

Mai Ludayi, sannu. Bari mu fara da wanda zai iya kashe mutum. Kada ka kuskura ka canja tsari a sama. Tsofaffi biyu, cikin katako da yadi, a kan taron jama'a, ɗaya bai san abin da ɗaya zai yi ba. Ka fi ni sanin ƙarshen wannan. Cire shi daga ranka yau.

Haushinka yana kan hanya. Kai ka fere, matarka ta ɗinka, jinin gidanku ne a jikin alamar, ba laifi in tafin ya yi maka ɗaci. Amma ka duba abin da abokanka suka ji a taron nan. Sun ji Kaisa mai son miya yana neman a ba shi nasara. Shi suka yi wa dariya. Jikan Anselm bai taɓa yi musu magana ba, don haka ba za ka ce sun ƙi shi ba.

Ka sami Merv shi kaɗai, a rumfa, ba a taro ba. Ka tsaya da shi gaban ludayin ka gaya masa na wane ne. Mutumin da ya jira ka a ƙofar asibiti, wanda nasa ma ke kwance a ƙasar da naka yake, ya cancanci ya ji daga bakinka. Kuma ka je da abin da za a yi, ba da ƙorafi kawai ba. Ku yi zagayenku yara su more, a saki ƙarar bindigar ma, amma a ƙarshe ku jero ku sauka tare a gaban jama'a, Raelene ta ambaci sunaye biyu, na kakanka da na ƙanen kakansa. Ba wanda ya ci wani, ba wanda aka sake binnewa. In sun ƙi bayan sun ji gaskiya, to ka ce bana Ludayi zai tashi shi kaɗai ya sauka, su nemi abin rufe biki. Wannan haƙƙinka ne, ka faɗa da wuri kuma a ƙasa.

Waltraud kuma ka daina yi mata kallon ƙwai. Matar da ta girma ƙarƙashin hoton nan ta fi ka sanin yadda labarin ya ƙare. Ka faɗa mata yadda ake yi tun kafin ta hau jirgin da zai kawo ta. Sannan kafin ranar biki ka kai ta filin da safe, ba lasifika ba kowa, ta shafa ludayin da hannunta, ta ga ya tashi, ta ga ya dawo. Dawowar nan ita ce kakarku ba ta samu ba.

Abu na ƙarshe, kuma kai ka rubuta shi da kanka. Bindigar Merv ba ta da harsashi. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa harbo ka, wayar tana jikin gwiwarka, hannunka ke jan ta. Allah ya kawo yayarka lafiya, ya sauke ku lafiya kai da Merv.

Noelene