Kunama a Ƙarƙashin Gwaggwaron Maami

Shagamu, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Boda Rasaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya haƙurin zaman gidan yari? Uwarmu Maami za ta ba ka wannan takarda in ta kawo maka abinci. Ka karanta ka yage.

Garin nan ya sake ɓaci. 'Yan ƙungiyar Gada sun rantse ba za su bar ɗan ƙungiyar Kunama ko ɗaya da rai ba, tun da aka sare musu mutum a bakin kasuwa. Sun kama tasha da duk hanyar fita gari. Su tsayar da mota ko acaɓa, su ce kowane saurayi ya tuɓe riga. Wanda aka ga kunama a kafaɗarsa ba ya komawa cikin motar.

Ka san ƙanenmu Latifu na da ita, tunda kai ka zana masa da man ƙwallon kashu lokacin da kake yi wa yaranku 'yan Kunama. Ya bar su tuni, gyaran waya yake yi, amma kafaɗarsa ba ta san ya bari ba. Anti Morenike ta ce a turo mata shi Ibadan. To ta ina zai bi?

Ga abin da na yi. Oga Fijabi, mai shagon zanen jikin da nake wa aiki, ya sayo sabon inji, caji ake masa, ko ƙara ba ya yi sosai. Akwai kuma wata na'ura, ka ba ta hoto daga waya ta fitar maka a takarda, ka manna a fata ka bi layi. Yanzu ba mai son ƙoƙon kai da wuƙa, fuskar uwa ake yayi. Sai na ɗauki hoton Maami na bikin Anti, na zauna a kan kafaɗar Latifu har na binne kunamar nan cikin ɗaurin gwaggwaronta. Ko ni da na yi, in na duba ba na ganinta. Maami ta ce, "Kai Ajani, wannan hancin ubanku ne, ba nawa ba." Amma ta yi ta dawowa tana leƙe.

Na rufe wa wasu ma, har da abokinsa Sikiru, shi fure ya zaɓa. Da Latifu ya warke zai tafi.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Ajani

*

Ajani,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, in ka cire kuɗin cizo da wake mai tsakuwa.

Kai dai tun kana yaro haƙuri aka ba ka, wayon aka ba wani. Injinka mai caji tawada yake zubawa a fata. Kashu ba ya zuba komai, naman yake ci, in ya warke wurin ya tashi. Rufe idonka ka shafa kafaɗar yaron nan da yatsa, sannan ka zo ka ba ni labarin gwaggwaro. In ni na san haka, cikin 'yan Gada ma akwai wanda ya sani.

Kada ya fita ko ƙofar gida. Ka sa dutsen guga a wuta, ku danne shi, ka ɗora masa a wurin. Zai yi ihu, zai zage ka, amma zai rayu.

Ka gaida Maami. Ta rage barkono a miya, a nan ba ruwa.
Rasaki

*

Shagamu, ranar Alhamis

Boda Rasaki,

Ina gaisuwa. Takardarka ta zo a makare. Sun kashe Sikiru a gabana.

Na je tasha karɓar tawada da aka aiko daga Legas, shi kuma ya shiga motar Ijebu. Babbansu, wanda suke kira Alapata saboda a da mahauci ne, ya sa aka sauke samari. Sikiru ya tuɓe riga yana murmushi, don ya yarda da aikina.

Alapata ya ce, "Fure! Kai, ɗan gayu. Budurwa ce ta ce ka yi?"

Ya ce, "Ita ce, Baba."

"Za ta yi kewarka kuwa?"

Alapata ya ɗora masa babban yatsa a kan furen, ya lumshe ido kamar mai zaɓen tumatir. Na ga yatsan ya bi ƙafafu, ya hau baya, ya lanƙwasa. Ya ce, "Yara, furen nan yana da wutsiya." Sara na farko a kafaɗar ya sauka, daidai kan abin da na zana. Sikiru ya kare na biyu da hannu, hannun ya tafi. Masu lemo suka kife tire suka gudu. Ni na tsaya rungume da kwalin tawada. Da suka gama, direban ya watsa ruwa a tayarsa ya ci gaba da kiran fasinja.

Maganar dutsen guga ka bar ta. Wani yaro a unguwar Makun ya yi, suka ce mai sabuwar ƙuna a kafaɗar hagu ya ba da amsa da kansa. Shi ma an binne shi.

Na rufe ido na shafa Latifu kamar yadda ka ce. Kunamar tana nan, har ƙarin wutsiyar. Na daɗe ina shafawa, sai na lura da abu ɗaya: yatsa yana gane ta ne don ita kaɗai ce a tashe, ko'ina sumul. In duk lanƙwasar gwaggwaron ta tashi, da layin kumatu, da sarƙar wuya, yatsa zai ɓata a ciki. Inji ba zai iya wannan ba, na gwada a cinyata. Sai kashu. Ka koya mini yadda kake yi, Boda, kada ka rage komai.

Ƙanenka,
Ajani

*

Ajani,

Allah Ya ji ƙan Sikiru. Uwarsa ce ke ba mu ƙosai bashi.

Ka nemi ɗanyen ƙwallo mai ɓawo, wanda bai sha rana ba. Ka gasa a gwangwani, ka tari baƙin man da ke tsatsowa tun bai kama da wuta ba. Tsinken tsintsiya, ba allura ba. Layi ɗaya, ka ɗaga hannu. In ka maimaita, rami zai yi maimakon tudu. Bororo zai taso, kada a fasa, kada a sa magani. Kuma kada ya taɓa yatsunka, don ba za ka ƙara jin komai da su ba.

Ka sa wa Latifu tsumma a baki. Wancan karon ya cije ni.
Rasaki

*

Shagamu, ranar Talata

Boda Rasaki,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. An gama.

Oga Fijabi ya danne ƙafafu, Maami ta riƙe kan a cinyarta. Na bi layin gwaggwaron ɗaya bayan ɗaya, na haɗa bakin kowanne da ƙafar kunamar. Fatar tana tafasa a bayan tsinken. Latifu ya tofar da tsumman ya ce, "Boda Ajani, Allah Ya isa! Gara addar!" Maami ta make masa baki ta ce, "Fuskata ake ƙonawa ban yi kuka ba, sai kai?" Alhali hawayenta a kunnensa suke ɗiga.

Ya yi zazzaɓi, wurin ya yi ruwa, ya bushe, ɓawon ya faɗi. Na jira, ban yi gaggawa ba. Sannan na mayar da tawada inda kashun ya cinye ta. Na sa Oga ya rufe ido ya nema, ya ce shi dai ɗaurin ɗankwali yake ji. Ni ina jin kunamar, amma ni na san inda na ajiye ta.

Jibi zai shiga motar Ibadan. Ka yi addu'a, ko da ka manta yadda ake yi.

Ƙanenka,
Ajani

*

Ibadan

Boda Rasaki,

Ni ne Latifu. Ina gaisuwa. Na iso gidan Anti da raina.

Alapata ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Uwarka ta iya ɗauri." Sai ya tambayi wanda ya yi aikin. Adda na gefen wuyana, na faɗi suna.

Maami ta kira ta gaya mana sauran. 'Yan Gada sun je shago suka ce daga washegari Boda Ajani zai zauna musu a tasha yana shafa kafaɗu, tunda yatsunsa sun fi nasu gani. Da suka dawo ɗaukarsa, suka tarar da yatsunsa goma sun kumbura sun yi baƙi. Ya ce musu gwangwanin man kashun ne ya kife masa. Suka farfasa injin, suka karya masa haƙarƙari, suka tafi.

Likita ya ce cokali zai riƙe. Inji kuwa, bai yi alkawari ba.

Boda Ajani ya ce in gaya maka haɗin naka ya yi daidai.

Ƙanenka,
Latifu