Farantan Lesieli Guda Tara

Zuwa ga Uwargida Kalolaine, mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonki, kuma ki sani ban saba rubuta wannan magana ba. Shekaruna saba'in da takwas, talatin da ɗaya daga cikinsu na yi su ina shugabantar makarantar 'yan mata a nan garinmu Neiafu. Idan kin ga rubutun ya karkace, da hannun hagu na yi shi, domin na ƙi yarda wani ya rubuta mini.

Ranar Larabar Toka, farkon azuminmu na kafin Ista, ana tafka ruwan sama, na zame a matakalar coci da tokar a goshina, wuyan hannuna na dama ya karye. Babu lokacin da ya fi wannan rashin dacewa. Jikata za ta yi aure mako biyu bayan Ista, ga tabarmi uku ban gama saƙawa ba. Mawaƙan coci na jirana Talata da Alhamis, yara masu shirin karɓar Jibin Ubangiji na jirana Asabar, ranar Juma'a kuma akwai addu'ar Hanyar Gicciye, wadda ban taɓa fashinta ba cikin shekara hamsin. Duk ina zuwa, da hannu a rataye. Girki ne kaɗai ya gagare ni. Tun rasuwar maigidana, ni nake jera duwatsun ramin gashi da kaina kowace Lahadi, in kankare kwakwa, in naɗe nama cikin ganyen gwaza. Yau ko ashana ba na iya ƙyastawa.

Kin san yadda muke: bayan sujadar Lahadi kowane gida yana aika wa maƙwabta farantin abinci, kuma faranti ba ya komawa wayam. Maƙwabciyata Lesieli tsohuwar ɗalibata ce, na taɓa sa ta maimaita aji saboda lissafi. Tun da na karye take kawo mini abinci, ba Lahadi kaɗai ba. Ba Katolika ba ce kamar ni, amma har ta tuna ba ma cin nama ranar Juma'a, sai ta kawo kifi da doya. Na mayar da farantan farko da gwanda daga bishiyata, har gwandar ta ƙare. Daga nan na shiga wanke su ina jerawa a kabad, ina jiran hannu ya warke in cika su yadda ya kamata. Yau guda tara ne.

Makon jiya ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, mu fa yanzu a ganyen ayaba muke ci kamar kakanninmu. Ko sai na ci jarrabawar lissafi za a sako mini farantan?" Ban yi dariya ba. Na ce mata ban roƙi kowa komai ba. Tun ranar ba ta sake leƙowa ba. Abincin yana zuwa, naɗe cikin ganye, a ajiye a bakin ƙofa, babu ko sallama. Shekara ashirin muna hira ta wannan taga.

Na kai fushina wurin furta zunubi, gaban limaminmu Fada Petelo, wanda ni na koya wa mahaifiyarsa karatu. Na zaci zai ba ni addu'o'i. Sai ya ce aikin tubana shi ne in mayar da farantan nan tara wayam kafin Lahadin Ganyen Dabino, wadda daga ita sai Ista, in ce na gode, kada in ƙara ko kalma ɗaya. Na roƙe shi ya ninka mini azumi a madadin haka. Ya ce, "Malama, azumi bai taɓa ba ki wuya ba. Shi ya sa."

To ki gaya mini: daidai ne limami ya umarci tsohuwa ta karya al'adar da uwarta ta koya mata, ta ratsa titi da farantai wayam a idon waɗanda ta tarbiyyantar? Ko in nemi wani limamin da ya fi shi shekaru? 'Yata tana can ƙasar waje a Auckland, ban ma sanar da ita karayar ba. Saura kwana tara wa'adin Fada ya cika.

Tsohuwar Malama, Neiafu

Malama mai daraja,

Sannu da jiki. Na karanta rubutun hagunki ba tare da wahala ba, ya ma fi na dama na mutane da yawa.

Kina da gaskiya ta wani ɓangare. Al'adar cika faranti ba girman kai ba ce a asalinta. Ita ce take sa kowane gida ya zama mai bayarwa, kada a mayar da kowa abin tausayi, kuma kin riƙe ta da mutunci tsawon rayuwarki. Zolayar Lesieli ma ta sauka a kan ciwo, na yarda.

Amma dubi inda riƙon ya kai ki. An kafa al'adar domin ta haɗa maƙwabta, ga shi ta rufe tagar hira ta shekara ashirin. Matar da kika ce wa ba ki roƙi kowa ba ta ji zafi, duk da haka ba ta daina dafa miki ba. Malama, wannan shi ne alherin da kike koya wa yara ranar Asabar, ya biyo ki har bakin ƙofa cikin ganyen ayaba. Idan kin je gaban bagade ranar Lahadi kika miƙa hannu don karɓar Jibin Ubangiji, me kike riƙe da shi? Babu komai. Shekara da shekaru kina karɓa haka daga wurin Allah ba tare da jin kunya ba. Karɓa daga hannun yarinyar da ta faɗi lissafi ce ta tsaya miki a wuya, kuma Fada Petelo ya gane hakan.

Kada ki nemi wani limami. Za ki iya samun wanda zai ba ki addu'o'i, amma farantan za su ci gaba da kallonki daga kabad. Ki buga wa 'yarki waya yau, gara ta ji daga bakinki. Ki miƙa mawaƙan Alhamis ga wata har a cire ɗaurin. Tabarmin kuma, akwai mata a garin nan da kika koyar waɗanda za su yi alfahari da zama su saƙa kina gyara musu kuskure.

Sai abu na ƙarshe, wanda ina jin Fada ya riga ya lissafa: faranti tara ba sa ɗaukuwa da hannun hagu kaɗai. Ki buɗe tagar ki kira Lesieli ta taya ki.

Allah ya ba ki sauƙi, ya kai mu Ista lafiya, ya sa albarka a auren jikarki.

Kalolaine