Katifar da Muka Dawo da Ita

Yaya Doina,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Mu nan Ingila muna nan dai.

Danshin ɗaki ne ya sa katifar ɗana Ionel ta yi fumfuna, har ya kamu da tari. Ni da maƙwabciyata muka kinkime ta har wurin karɓar shara na ƙaramar hukuma. Mai gadi ya tare mu: "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ba a shiga da ƙafa, sai da mota."

Na ce, "Sharar ma sai mai mota?" Ko kallona bai yi ba.

In na yar a lungunmu, inda masu motocin ke juye tarkacensu, ni za a ci tara. Ga ta nan jingine a ɗaki, muna shaƙa.

Allah ya bar zumunci. Ki aiko zuma. Ki ce wa Mama tarin yaron da sauƙi.

Ƙanwarki,
Mirela