Jikin Motata, Injin Manomi

Asabar, 12 ga Maris, 2016

Ta tashi! Wallahi ta tashi! Shekara biyu ina bugun jikin motar nan a garejinmu na gyaran jiki da fenti a unguwar Athlone bayan na sallami kwastomomi, yayana Boeta Moegsien yana fama da injin. Yau da ya murɗa makulli sai da karnukan unguwa suka ruɗe. Kujera biyu, ba rufi, ja kamar barkono. Matata Wasiela ta leƙo ta ce, "Shafiek, wannan akwatin gawar za ka shiga?" Ta faɗa tana dariya dai. Ƙungiyar tseren tamu ke nan: ni direba, Boeta makanike, Wasiela mai abinci da faɗa.

Lahadi, 4 ga Satumba, 2016

Tserenmu na farko jiya a filin tsere na Killarney. Mu ne na ƙarshe, amma mun gama. Boeta ya rungume ni kamar na dawo daga Makka.

Asabar, 8 ga Afrilu, 2017

Ina na uku, NA UKU, sai wani ƙaton manomin alkama daga garin Malmesbury, wai shi Dewald Lategan, ya cusa hancin motarsa a kwanar da ko keke ba zai wuce ba. Muka yi waje mu biyu cikin yashi. Ya cire hular kwano yana cewa, "Kai mai fenti, madubin nan na ado ne?" Na ce, "Koma kan taraktarka, nan ba gona ba ce!" Da ba don Boeta ya riƙe ni ba...

Ba zan sake yi wa mutumin nan magana ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2017

Mun ci! Karon farko! Maƙwabta biyu sun shigo ƙungiya, Achmat da Lionel, su ne masu canja taya. Wani mai shagon kayan gyara ya ce a rubuta sunansa a bonet. Amma ina wuce tutar gama tsere injin ya yi wata ƙara ya tofar da mai. Boeta ya leƙa ciki, ya cire hularsa ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Manomin kuwa ya daki katanga, jikin motarsa ya zama gwangwani. Shi lafiya lau. Ban yi murna ba. To, kaɗan.

Litinin, 19 ga Fabrairu, 2018

Fari ya hana mu ko wanke mota, da tsumma muke gogewa. An sanar da tseren awa shida a watan Agusta, direba biyu kowace mota. Abin da nake mafarki tun ina yaro ina leƙe ta wayar shingen filin tsere. Ga mota, ba inji.

Boeta ya ce, "Akwai mai inji ba mota."
Na ce kada ma ya ƙarasa.
Ya ce, "Na riga na kira shi. Ni ne babba."

Lahadi, 11 ga Maris, 2018

Manomin ya zo. Ya cika ƙofar gareji, injin a bayan a-kori-kurarsa an lulluɓe da buhunan taki. Ya zagaya motata ya ce, "Kyakkyawa ce. Saura ta samu direba." Na buɗe baki ke nan Wasiela ta ajiye faranti tsakaninmu, koesister masu zafi, irin fankenmu na nan, zuma da kwakwa na ɗiga. Ta ce, "Ku cika bakinku da wannan tukuna." Ya cinye rabin farantin. Ya ce fari ya ƙone gonarsa bana, in ya zauna yana kallon sama zai haukace. Mun sha hannu, ya kusa karya min yatsu.

Wasiela ta raɗa wa ƙungiyar suna Iskar Kudu, wai mu biyun duk hargowa ce da mu kamar iskar da ke kwashe mata shanya.

Alhamis, 3 ga Mayu, 2018

Gwaji. Kai! Injin nan aljani ne! A miƙaƙƙiyar hanya sai da na yi salati da ƙarfi. Dewald ya ce ina taka birki da wuri kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce shi kuma yana cin taya kamar koesister.

Na gwada jinkirta birkin. Ya yi aiki. Ba zan gaya masa ba.

Juma'a, 10 ga Agusta, 2018

Gobe ne tseren. An shirya: ni zan fara, Dewald tsakiya, ni zan gama. Ni zan ga tuta.

Lahadi, 12 ga Agusta, 2018

Ban san ta inda zan fara ba.

Na miƙa masa motar muna na shida. Ya hau ya fara cinye su ɗaya bayan ɗaya, Achmat yana tsalle a kan tarin taya yana ihu har muryarsa ta dishe. Ya kai mu na uku. Na sa hular kwano ina jira ya shigo mu yi canji, sai sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya! 'Yan kallo suka fito daga rumfa suna rawa a ciki, mutanen da suka shekara suna wanka da kofi. Motoci kuwa suka fara juyi a kwana kamar a kan sabulu.

Ni na san kaina a ruwa. Na kuma ga yadda yake tafiya a cikinsa, kamar kifi.

Ya shigo, aka hau canja taya da zuba mai, ya fara kwance bel ɗin kujera. Na dafa kafaɗarsa na mayar da shi. Ya ce, "Mai fenti, lokacinka ne, fito da ni!" Na ce, "Zauna, manomi. Kai ka saba da taɓo." Boeta ya buga bonet ya ce, "Tafi mana, ɗan banza!"

Awa guda ina tsaye a jiƙe a bakin katanga. Ya wuce ta biyu. Ta gaba, babbar motar 'yan Johannesburg mai tirela da injiniyoyi, ta yi nisa, amma kowane zagaye yana matsowa. A zagayen ƙarshe suka shiga kwanar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, feshin ruwa ya rufe su, ba na ganin komai. Sai ga ja ta fito gaba!

An ce na ɗaga Lionel sama. Ban tuna ba. Na tuna Wasiela tana kuka tana dukan bayana, da Dewald ya ɗauke ni cak kamar buhun alkama ya ɗora a kan dandamali.

Ban ga tutar daga cikin mota ba. Na ɗan ji abin da safe. Ya wuce.

Talata, 23 ga Oktoba, 2018

Mun karɓi shagon da ke jikin namu, mun fasa bango. Mota ta biyu ta kusa. Mu tara ne yanzu.

'Yan Johannesburg sun kira Dewald, suna so ya tuƙa musu baɗi. Shi ya gaya min. Na ce, "Tafi mana, wa ya riƙe ka? Direbobi sun yi yawa a garin nan." Na fesa wa ƙofar wani kwastoma launin da ba shi ba.

Juma'a, 9 ga Nuwamba, 2018

Na dawo daga masallaci na tarar da Dewald zaune a kan bokitin fenti yana cin abincina. Ya ce ya ce musu a'a. "Can kowa ladabi yake min. Ba wanda ya iya zagi kamarka." Na miƙa masa tsumma na ce in ya gama surutu ga taya can.

Da yamma na rubuta sunayen direbobi a jikin sabuwar motar. Nasa, DEWALD, a sama, nawa, SHAFIEK, a ƙasa. Wasiela ta tambaya, na ce nasa ya fi tsawo ne, ya fi zama daidai a wurin. Ta tsaya tana ƙirga haruffan da yatsa, ta dube ni, ta koma ciki tana murmushi.

Fentin ya riga ya bushe ai.