Ranar Haihuwar Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Dakoro. Ina lahiyarka, ina Rakiya da yara? Mu nan lahiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Aplikasiyon, wato manhajar telehon da nake rubuta wa makiyayanmu don rigakahin dabbobi, ta so ta kunyata ni. Ba ta karɓar mutum sai da ranar haihuwa, mutanenmu kuwa shekara kaɗai ke takardarsu, sai na sa wa kowa ɗaya ga Janairu. Sai ta haɗe Baba da masu sunansa uku, ta maida su mutum guda, da shanunsu duka.

Na kai kukana zauren masu wannan aiki a intanet. Wani ya ce, "Bayananki ne masu datti, share su." Suka yi dariya, suka rufe tambayar.

Na bar musu zaurensu. Na cire gurbin ranar, na sa hoton shaidar wutar da kowa ke yi wa shanunsa. Jiya Baba ya ga tasa a telehon, ya ce, "Wannan ni ne."

Ka gaida Kawu Idi, ku sa ni a addu'a. Mai son share Baba kuwa, ya zo Dakoro ya faɗa mishi ido da ido.

Ƙanwarka,
Zuwaira