Ƙwayoyi Goma Sha Huɗu a Filon Babanku

Lauya, Akawu, ku yi mini afuwa da na ɗora muku karatun wannan takarda alhali kowa na fama da hidimar gidansa. Sau uku ina fara maganar a waya, sai in ɓige da tambayar lafiyar jikoki. Da hannuna nake rubutawa, cikin hankalina, ba zafin ciwo ke magana ba. Likita ya gaya mini abin da ya gani a hoton, na kuma gode masa da bai ɓoye ba.

Na ɗaya. Keken ɗinkina na ba ki, Akawu. Kyauta ce ba gado ba, ki zo ki ɗauka ina raye. Zaren ƙasa yana tsinkewa in an matsa masa, ki lallaɓa shi. Sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya tsara.

Na biyu. A aljihun keken akwai ƙaramin gwangwani, wannan naka ne, Lauya. Ƙwayoyin magani ne farare guda goma sha huɗu a ciki.

Kun tuna zaman da muka yi a falo shekara bakwai da suka wuce, kwana uku da rasuwar babanku. Auta ce ke ba shi maganin hawan jini kowace safiya. Ke Akawu, da tun kina yarinya har cokula kike ƙirgawa, kika juye kwalbar a kan faranti, aka ga goma sha huɗu sun yi ɓatan dabo.

Kai Lauya, ba banza aka sa maka sunan nan ba. Ka ce duk ƙwayar da ta bar kwalba cikin mara lafiya ta shiga, waɗannan sun bar kwalba, ashe ninka masa aka yi ta yi har mako biyu. Maganar ta hau kan juna daram, ban ga ta inda zan sa allura ba. Ban lura cewa tubalin farko ba wanda ya duba shi ba. Gini ya miƙe sak, amma a kan rami.

Ke kuma kika lissafo: ta ƙona tukunya sau biyu, ta yar da makulli, ta bar famfo a buɗe, saboda haka sakaci halinta ne. Abu huɗu kika kawo. Ba wanda ya ƙirga safiya ɗari shida da ta tashi ta ba shi magani daidai, domin abin da aka yi daidai ba ya barin tabo.

Baffanku ya kawo labarin maƙwabcinsa da 'yar aiki ta ninka wa magani, ya ce sak irin wannan ne. A nan na fi jin kunyar Allah. Malamarmu ta Islamiyya ta koya mana kiyasi, ta ce kama a fuska ba ta isa ba, sai an tabbatar dalilin hukuncin ɗaya ne a duka biyun. Na san wannan, na yi shiru.

Nawa ya fi naku muni. Na ce a raina, in ba haka ba, to mene ne? Da na rasa wani bayani, sai na ɗauka babu shi. Auta ta dube ni ta ce, “Mama, ke ma?” Na sunkuyar da kai. Bayan sati ta haɗa jakarta. Yau tana aiki a gidan burodi a wani gari, ba ta taɓa kira ba, ban kuma ga laifinta ba.

Shekara biyu da suka wuce, wata safiya na farke filon babanku zan sake masa auduga. Na ji abu yana zuba a siminti, ƙas, ƙas. Ta gefen da ɗinki ya saki yake cusa su. Ya sha cewa maganin na sa shi jiri, muna ce masa ya daure. Ashe in ta juya baya yake zara daga kwalbar ya ɓoye, don maganin ya ƙare da wuri ya huta. Na tsince su ɗaya ɗaya, na ƙirga sau uku. Tun ranar, ko maɓalli ne ya faɗi ƙasa ina ɗinki, sai in tuna da ƙwayoyin nan. Shekara biyun da na yi ban faɗa ba, tsoro ne kawai, laifin nawa ne ni kaɗai.

Na uku. Kada yanzu ku juya ku ce ai shi ya jawo wa kansa. Wannan ma irin wancan lissafin ne, ya sake riga. Ƙwayoyin sun nuna Auta ba ta ninka ba, iyakarsu ke nan. Abin da ya ɗauke shi, Allah ne masani. Duk ranar da magana ta yi muku daɗi har kuka ji ba sauran tambaya, musamman in akwai wanda za ta faɗa wa a ka, ku tsaya ku tambayi wa ya duba farkonta.

Na huɗu. Baffanku ya tsufa, ku gaya masa a hankali, ban da gori. Ku ma kada ku tsaya jifan juna da wa ya fara. Mu huɗu muka yi.

Na biyar. Lauya, ka kai mata gwangwanin da ƙafarka. Kada ka tsara jawabi, na san ka. Ka buɗe, ka ajiye a gabanta, ka yi shiru. In ta yafe, alheri ta yi mana. In ta ƙi, kada a ce mata ai uwa ce, dole. Ɗakinta na nan, ina share shi.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya haɗa kanku a bayana, kada ƙofar ɗayanku ta rufu ga ɗan'uwansa. Ina so in ga fuskarta ina iya gane ta. Don Allah ku ba ni amsa cikin satin nan, ku gaya mini ranar da za a tafi.

Mahaifiyarku.