Furfurar Mai Tabo

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Gaskiya a jinjina wa masu yin fim na ƙasar waje, mutane ne masu zumunci. Ba sa yar da tsoho. Mu nan in mutum ya haura sittin sai a shimfiɗa masa buzu a zaure a miƙa masa carbi. Su kuwa sai su miƙa masa bindiga, su ce ya hau saman jirgin ƙasa yana tafiya. Wannan shi ne girmama na gaba.

Mai Tabo ya fito da sabon fim. Sunansa na gaskiya ba wanda ya taɓa faɗa a Dutse bai ciji harshe ba, shi ya sa tun muna samari muke kiransa da tabon kuncinsa. Sagiru mai tura finafinai a bakin kasuwa ya ce su can sai lokacin zafinsu suke sakin manyan finafinan faɗa, mu kuma su iso mana da damina, an riga an juya su zuwa Hausa. Ya tura min. Na kalla a shago bayan azahar, tunda ruwa ya hana masu sayen yadi fitowa.

Gemu fari fat. Ɗingishi a ƙafar hagu. Sai ya sa tabarau yake karanta takarda. In zai yi tsalle sai a nuno bayansa, kuma bayan nan na ɗan shekara talatin ne. Mai sayar da yadi ya san kafaɗa.

Allah ya kai mu gobe in ga idon Muntaka.

Talata, 8 ga Yuli

Majalisa ta cika bayan la'asar, gindin darbejiya wajen Talha mai shayi. Muntaka tela ya rufe shagonsa, wanda yake kallon nawa, ya taho yana murmushi kamar shi ya haifi jarumin. Shekara ashirin da bakwai muna gardama a kan mutumin nan, shi yana so, ni ina zagi. Ban san wata hira da muka iya ba bayan ita.

"Idi, ka ji maza kuwa?" in ji shi. "Wallahi kamar jiya. Ko kaɗan bai canza ba."

Na ce ai dama ba shi da abin canzawa, fuskarsa ɗaya ce ko biki ko gaisuwar mutuwa.

Sagiru ya ce, "Kawu Muntaka, yaran yanzu fa ba su san shi ba. Mutum huɗu na tura wa, dukansu sun haura arba'in."

Muntaka ya ce saboda yaran yanzu jarumin da ba a taɓa shi suke so. Shi kuwa Mai Tabo sai ya ci duka tukuna, ya faɗi a ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe riga, sannan a fara fim. Wai wanda bai taɓa faɗuwa ba ba zai gane ba.

Murja mai awara ta sa baki daga wajen kaskonta: "Ni dai tafiyarsa. In yana tafiya kamar ƙasar ta ubansa ce." Aka kwashe da dariya.

Na ba shi yau. Amma "bai canza ba" ɗin nan ta tsaya min a rai.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa tun safe. Na zauna ina tuna gidan bidiyon Kiyawa.

Ɗaki ne na langa-langa, benci takwas, labulen buhu a ƙofa, janareta a bayan katanga tana tari. Ranar Juma'a da yamma ake sa na faɗa. Lokacin ba a juya fim zuwa Hausa, sai a samu mai baki ya tsaya gefen talabijin da ɗan kara a hannu yana faɗa wa mutane abin da ake cewa. Ni ne mai bakin. Turancina na aji uku ne na sakandare, kuma mutanen nan a hanci suke magana. Cikin kalma goma in na kama biyu na gode Allah. Sauran takwas daga aljihuna.

Muntaka kullum bencin gaba, yana ɗan koyon ɗinki, zare a jikin hularsa.

Akwai wata rana da Mai Tabo ya ruga da gudu 'yan bindiga na binsa, ya juyo ya faɗi wani abu. Mutane suka fara ihu, jarumi ya gudu. Sai na ɗaga kara na ce, ku saurara, cewa ya yi: "Ni ba na gudu, wuri nake canzawa." Ɗakin ya kusa tashi. Har yau maganar tana rubuce da fenti a bangon shagon Muntaka, ƙasanta an sa Mai Tabo. Ban taɓa gaya wa Muntaka ni na ƙirƙire ta ba. Allah kaɗai ya san me mutumin ya ce, ƙila ruwa ya nema.

Alhamis, 10 ga Yuli

Wani ma'aikacin sakatariya ya dawo min da rigar da na tura shi wajen Muntaka, aljihu ya karkace. Na ce kafaɗarsa ce ba daidai ba. Ya tafi yana shafa kafaɗa.

Na lura mutumina ya jawo keken ɗinki har bakin ƙofa, ruwa na fesa masa.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban so rubuta wannan ba.

Gardama ta sake tashi, yau har da masu jiran ɗinki biyu a benci. Na ce tsohon da ya kamata yana gida yana jiƙa goro, wai shi ne a saman jirgi. Muntaka ya ce wane tsoho? Wai ni hassada ce take damuna don kaina ya yi sanƙo, jarumin kuwa gashinsa baƙi wuluk yadda muka bar shi.

Sagiru ya kalle ni. Na kalle shi.

Nan take na gane. Wanda ya ɗora muryar Hausa a fim ɗin wani saurayi ne, murya garau. Muntaka ba kallon fim ɗin ya yi ba, saurarensa ya yi, ya ɗora masa fuskar da ya sani tun Kiyawa. Aljihun da ya karkace, keke a bakin ƙofa, duk suka haɗe min lokaci ɗaya.

Da ina da hankali sai in kurɓi shayina. Amma shekara ashirin da bakwai ban taɓa kama shi haka ba, kuma ɗan kasuwa in ya ga ƙofa ba ya tunani. Na tsayar da fim a kan fuskar jarumin, na kai masa wayar gaban hanci.

"To malam mai gani, gemun nan wane launi ne?"

Ya matso da ita. Ya nesanta. Ya sake matsowa. Ba wanda ya yi dariya, ni kaɗai na fara, na kuma rasa inda zan ajiye ta.

Ya miƙo min wayar da hannu biyu, ya ce, "Ka ci, Idirisu." Bai taɓa kirana da cikakken suna ba. Ya laluba takalminsa da ƙafa ya tafi.

Kafin magariba ɗaya daga masu jiran nan ya je ya karɓi shaddarsa ba a yanka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Shagonsa a rufe.

Talata, 15 ga Yuli

A rufe. Magana ta zaga layi, yanzu har an ƙara mata gishiri, wai ya makance gaba ɗaya. Mutum uku sun sayi yadi sun ce in nuna musu wani tela. Na ce su bar yadin a wajena, telana ya je Miga gaisuwa. Biyu sun bari.

Na je majalisa. Sagiru ya fara zagin fim ɗin don ya faranta min. Na ce ya yi min shiru, kaina na ciwo. Zagi ba daɗi in ba mai karewa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Lauratu, matar Muntaka, ta zo ɗaukar almakashi da sauran ɗinkin mutane. Ta tsaya bakin shagona ba ta shigo ba. Mun gaisa kamar a ofis.

Ta ce wata takwas ke nan ba ya gani sosai. Kullum da safe ita take zira masa zare a allurai, ta ja masa layin yanka da alli mai kauri. An duba shi, an ce yana ce ta rufe idon, aiki kaɗan ne a cire. Ya ƙi. Wai ba mai sa masa wuƙa a ido, gara ɗan abin da yake gani da a ƙarasa shi.

Na ce, "Maman Zulfa, me ya sa ba a gaya min ba?"

Ta ce, "Malam Idi, shi ya ce kowa ma ya sani ban da kai. Ya ce ya san bakinka."

Na ɗauko mata kujera bayan ta riga ta tafi.

Asabar, 19 ga Yuli

Na rufe shago da hantsi na hau Keke Napep zuwa gidansa. A hanya na tsinci wani ɗan kara a bakin gona, geron nan ya kai gwiwa. Mai keken yana ta kallona.

Na same shi a zaure a kan tabarma. Na yi sallama, ya amsa wa bango. Ban ba shi haƙuri ba, ban iya ba, in na fara sai ta koma ciniki. Na jingina wayar a jikin buta, na kashe muryar gaba ɗaya, na miƙe tsaye na buga karan a ƙasa sau uku yadda nake yi a Kiyawa.

"Jama'a a zauna, na baya a cire hula, mai tari ya fita waje."

Ya gyara zama.

Na fara. Wannan karon abin da ake gani nake faɗa, ba abin da ake cewa ba. Na gaya masa gemun fari ne. Na gaya masa ɗingishin, da tabarau, da yadda ya dafa mota kafin ya miƙe bayan an kayar da shi. Na gaya masa bai kakkaɓe riga ba, hannun ba ya kaiwa kafaɗa, wata yarinya ce 'yarsa ta kakkaɓe masa. Ina faɗa ina ganin abubuwan da ban gani ba ranar Litinin, don ranar laifi nake nema. Akwai wurin da ya tsaya gaban matattakala yana kallonta kafin ya hau. Ni ma haka nake yi wa ta masallacin Juma'a.

Muntaka ya ce a hankali, "Ashe shi ma."

Da aka zo ƙarshe, jarumi yana zaune a gefen titin jirgi jini a goshi, ya ɗago ya yi magana. Na ɗaga kara na ce, ku saurara, cewa ya yi: "Namiji ba ya tsoron likita. A kai ni a gyara, akwai sauran aiki."

Sai ga kafaɗar Muntaka tana rawa, dariya yake dannewa.

"Ƙarya kake, ɗan banza. Na saurari wurin nan sau biyar, cewa ya yi a kira masa mota."

Na ce fassarar yaran yanzu ce ba ta da kyau.

Ya ce, "Tun Kiyawa na san ƙarya kake. Mutum ya buɗe baki sau ɗaya, kai ka yi magana ta minti biyu. Ka ɗauka don shi nake zama a bencin gaba?"

Na ce to don me ka rubuta sunansa a bango?

"In na rubuta naka wa zai iya da kai a kasuwa?"

Na juya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta. Lauratu ta aiko da fura. Muna sha sai ya ce, in za a je asibiti, ni zan riƙe masa takalmi, kuma in na faɗa wa majalisa ya ji tsoro sai ya ɗinke min baki da zare biyu.

Talata, 5 ga Agusta

An yi aikin idon dama. Minti nawa ne ma. Ya fito da auduga a ido yana tambaya ko an fara. Na riƙe takalmin.

Laraba, 6 ga Agusta

An cire audugar. Abu na farko da ya ce: "Kai, Idi, haka ka lalace?"

Lahadi, 24 ga Agusta

Shagon Muntaka ya buɗe tun Alhamis. Na kai masa yadin mutum biyun nan, na ƙara da nawa, na tsaya a tsakiyar layi ina nuna wa duk mai wucewa aljihun da ya ɗora min, a miƙe kamar an ja da igiya. Mai shaddar ranar nan ya dawo yana sosa ƙeya. Idon hagu sai bayan kaka, in ji likitoci.

Jiya Muntaka ya kalli fim ɗin da idonsa. Yau ya zo majalisa ya zauna, ya ce a gaban kowa wannan ba fim ba ne, wulaƙanta dattijo ne. Wai tsallen ma ba shi ya yi ba, ko makaho ya ga kafaɗar ba tasa ba ce. Wai gara da yana saurare.

Ban san lokacin da na ajiye kofi ba. Na ce ai tsalle kowane ɗan iska ya iya, amma a nemo min yaron da zai tsaya gaban matattakala haka. Na ce furfurar nan ita ce fim ɗin. Na yi ta magana har Talha ya manta da ruwa a wuta. Murja ta ce, "Ikon Allah, an yi wa wannan aiki, wancan ya warke."

Ba wai ina son mutumin ba ne. Fuskarsa ɗaya ce har gobe. Sau shida da na kalla, kurakurai nake nema. Kuma dole wani ya riƙe ɗaya gefen, in ba haka ba me za mu ce wa juna bayan la'asar?

Rubutun bango dai yana nan, ya ma sa an sabunta fentin. Sunan Mai Tabo ne a ƙasa har yanzu. Na wuce sau uku yau ina dubawa, don in ga ko fentin ya bushe.

To in mutum ya shekara ashirin da bakwai yana zagin jarumin da shi ya sa masa magana a baki, wa yake zagi?